Asibitocin Damagaram da Yaran Magarya da Dungas: A Ina Za a Auna Nasarar Kiwon Lafiya?

Tsakure

Wannan maƙala ta dubi abin da birnin Damagaram ya mallaka na asibitoci da makarantun horar da ma'aikatan lafiya, sannan ta auna shi da halin da ake ciki a gundumomin Magarya da Dungas masu iyaka da Nijeriya. Ta bi sawun matakan da suka rage mutuwar ƙananan yara a yankin tun daga 2005, wato maganin tamowa da ake ba yaro a gida, da rigakafin zazzaɓin cizon sauro na damina, da gatancin kula da yara kyauta. Ta kuma tsaya kan damina ta 2018 da annobar sanƙarau ta 2022 zuwa 2023 domin nuna inda tsarin yake da rauni. Matsayin maƙalar shi ne, abin da ya fi kashe mutane a kudancin jihar shi ne jinkirin isa hannun likita, kuma babban birni yana da hakkin da bai gama saukewa ba a kan wannan.

1.0 Gabatarwa



Idan aka ce a yi bayanin ci gaban kiwon lafiya a babban birni, abin da aka saba shi ne a lissafo gine-gine: asibiti kaza, gadaje kaza, na'ura kaza da aka shigo da ita daga waje. Lissafin yana da amfaninsa, kuma zan yi kaɗan daga cikinsa. Sai dai asibitin da ake kira na ƙasa ba na mazauna unguwannin Birni da Zango da Sabon Gari ba ne su kaɗai. An gina shi ne domin ya zama matattarar ƙarshe ta duk wanda ƙananan asibitoci suka gaza a kansa. Saboda haka wanda yake son sanin ko asibitocin Damagaram sun ci nasara, sai ya fita daga birnin ya nufi kudu, kimanin kilomita 90, ya isa Magarya, ya zarce Dungas, ya tambayi yadda yaro mai zazzaɓi yake yi kafin ya ga allurar farko.

Na zaɓi waɗannan gundumomi biyu ne saboda dalili. A ƙidayar 2012, birnin Damagaram yana da mutum dubu 322 da ɗoriya. Gundumar Magarya kuwa tana da dubu 577 da ɗoriya, Dungas tana da dubu 353 da ɗoriya. Idan aka haɗa su biyu, sun kusa ninka birnin sau uku, kuma sun haura kashi ɗaya cikin huɗu na al'ummar jihar baki ɗaya, wadda a lokacin take da mutum miliyan 3 da rabi. Yau adadin ya wuce haka nesa, domin Nijar tana cikin ƙasashen da suka fi kowa yawan haihuwa. Binciken ƙasa na 2012 ya nuna matsakaicin haihuwar mace ɗaya ya kai 7.6.

2.0 Abin da birnin ya mallaka

Damagaram tsohon gari ne na sarauta da fatauci, kuma shi ne hedikwatar mulkin mallakar Faransa a Nijar har zuwa 1926, lokacin da aka mayar da ita Yamai. Wannan tarihi ya bar wa garin matsayi na biyu a harkokin gwamnati, har da na lafiya. Babban Asibitin Ƙasa na Damagaram ya daɗe yana zaman asibiti ɗaya tilo mai wannan daraja a wajen Yamai, kuma shi ne madogarar gabashin ƙasar, tun daga jihar kanta har zuwa Diffa. Wanda ya san cewa tsakanin Damagaram da Yamai akwai kimanin kilomita 900 zai gane nauyin da ke kansa. Majinyacin da aka kasa yi wa aiki a nan, da wuya ya kai can da ransa.

Ban da shi akwai cibiyar kula da lafiyar uwa da yaro, wadda take karɓar matan da haihuwa ta zo musu da gardama. Akwai makarantar horar da ma'aikatan lafiya ta gwamnati, ENSP, wadda ta yaye da yawa daga cikin malaman jinya da ungozomomin da ke riƙe da ƙananan asibitocin jihar. Akwai cibiyar ƙungiyar Sentinelles ta ƙasar Suwizalan, wadda tun 1992 take kula da yaran da cutar noma ta ci wa fuska, cutar da sai a watan Disamba na 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa ta cikin jerin cututtukan da aka yi wa riƙon sakainar kashi. A wannan fanni Damagaram ta riga duniya farkawa da shekara talatin, kamar yadda Sakkwato ma ta buɗe asibitin yara masu wannan cuta tun 1999.

A ganina, abin da ya fi duk waɗannan muhimmanci shi ne jami'a. An kafa Jami'ar Damagaram a 2010, wadda yanzu take ɗauke da sunan masanin tarihi André Salifou, daga baya kuma aka buɗe mata tsangayar koyon likitanci. Kafin a buɗe irin wannan tsangaya a Damagaram da Maraɗi, ɗan Nijar da yake son zama likita ba shi da zaɓi sai Jami'ar Abdou Moumouni ta Yamai ko ƙasar waje, kuma wanda ya yi shekara bakwai ko takwas a Yamai ya yi aure a can, ba kasafai yake ɗokin komawa garuruwan karkara irin su Wacha ko Malawa ba. Zuwan tsangayar ya sa asibitin ƙasa ya zama wurin koyarwa da bincike. Likitocin tiyata na asibitin, irin su Harissou Adamou da abokan aikinsa, sun wallafa nazarce-nazarce kan ayyukan gaggawa na ciki, musamman hujewar hanji da zazzaɓin taifot yake haddasawa. Abin da ya fito fili a rubuce-rubucensu shi ne, yawancin majinyata daga karkara suke zuwa, suna zuwa a makare, kuma jinkirin yana da alaƙa ta kai tsaye da yawan waɗanda suke rasuwa bayan aiki. Wato likitan birni da kansa, da wuƙar tiyata a hannunsa, yana shaida cewa sakamakon aikinsa an riga an yanke shi tun a ƙauye.

3.0 Ƙasar da ake magana a kanta

Har zuwa 2011 Dungas ɓangare ce ta gundumar Magarya. Bayan rabuwar, Magarya ta riƙe Bande da Dancawo da Kwaya da Sasumburum da Wacha da Yekuwa, Dungas kuma ta tafi da Dogo-Dogo da Guci da Malawa. Ƙasa ce ta noma, mai gero da dawa da wake da gyaɗa da riɗi, ga gawo ko'ina a cikin gonaki, ga fadamun Korama inda ake rake da kayan lambu. Tana cikin wuraren da suka fi samun ruwan sama a jihar, kuma tana cikin waɗanda suka fi cunkoson jama'a a faɗin ƙasar. Waɗannan abubuwa biyu, waɗanda alheri ne ta wata fuska, su ne tushen matsalar ta wata fuskar. Ruwa yana kawo sauro. Yawan jama'a kuma yana sa gonar gado ta yi ta raguwa har ta kasa ciyar da gida daga kaka zuwa kaka.

Duk ma'aikacin lafiya a yankin ya san jadawalin shekara ba tare da ya duba takarda ba. Daga Yuni rumbu ya fara ganin ƙasa. A Yuli ruwa ya zauna, tabkuna suka cika. Daga Agusta zuwa Oktoba sai abubuwa biyu su haɗu a jikin yaro ɗaya: ƙarancin cimaka da zazzaɓin cizon sauro. Zazzaɓin yana farfasa ƙwayoyin jini, yana hana yaro cin abinci. Tamowa kuma tana karya garkuwar jiki, ta bar shi ba ya iya yaƙar zazzaɓin ko gudawa ko ciwon haƙarƙari. Kuma a daidai wannan lokaci ne uwa take da aikin gona, maigida ba shi da ko dala a aljihu, hanya ta yanke, amalanke ba ta iya ƙetare kwari.

4.0 Darasin 2005

Yunwar 2005, wadda fari da farin ɗango na 2004 suka share wa fage, ita ce ta sauya yadda ake jinyar tamowa a Nijar, har ma a duniya. Kafin lokacin, yaron da ya rame sosai sai an kwantar da shi asibiti na tsawon makonni ana ba shi madara ta musamman, uwa tana zaune a gefensa ta bar sauran 'ya'ya da gona. Babu asibitin da zai iya ɗaukar dubban yara a haka. Abin da ya kawo mafita shi ne wani ɗan ƙunshi mai nauyin giram 92 da ake kira Plumpy'Nut, wanda likita André Briend da Michel Lescanne na kamfanin Nutriset suka ƙirƙiro a Faransa a 1996. Haɗin tunkuzar gyaɗa ne da garin madara da sukari da mai da sinadaran gina jiki, yana ba da ƙarfin kalori 500, ba ya buƙatar ruwa ko wuta, kuma ba ya saurin lalacewa. A shekarar 2005 kaɗai ƙungiyar likitoci ta MSF ta yi jinyar yara sama da dubu 60 masu tsananin tamowa a Nijar, galibinsu a gida. A wannan shekarar ce ƙungiyar ta fara aiki a Magarya. Daga bisani kamfanin STA na Yamai ya shiga sarrafa abincin a cikin ƙasa. 

Daga nan tsarin ya kasu biyu. Yaron da yake da tamowa amma yana iya cin abinci, ana ba uwarsa ƙunshin mako guda a ƙaramin asibiti na CSI, ta dawo a auna shi; wannan shi ake kira CRENAS. Wanda ya ƙi ci, ko jikinsa ya kumbura sosai, ko wata cuta ta haɗu masa, shi ake kwantarwa a sashen CRENI na asibitin gunduma, a fara shi da madarar F-75 kaɗan-kaɗan, domin jikin da ya daɗe da yunwa ba ya ɗaukar abinci mai nauyi farat ɗaya.

Mataki na gaba a maƙwabciyarmu Mirya aka gwada shi, inda ƙungiyar BEFEN ta 'yan ƙasa da ƙungiyar ALIMA suke aiki tare. Sun tambayi kansu: me zai hana a koya wa uwa ta auna ɗanta da kanta? Abin awon wata 'yar siririyar roba ce mai launi uku. Uwa za ta ɗora yaro a cinya, ta saki hannunsa ya miƙe, ta naɗa robar a tsakiyar damtse, ba ta matse ba, ba ta saki ba, ta duba launin da ya leƙo ta tagar. Kore, lafiya. Rawaya, a kula. Ja, wato ƙasa da milimita 115, a kama hanyar likita yau, ba sai ranar kasuwa ba. Sannan ta danna babban yatsa a bayan ƙafafunsa biyu ta ƙirga uku. Idan ta ɗaga ramin ya zauna, kumburi ne, shi ma likita. Binciken da aka wallafa daga Mirya a 2015 da 2016 ya nuna matan da ba su taɓa shiga aji ba suna yin wannan awo daidai da ma'aikatan sa-kai da aka horar, kuma yaran da iyayensu mata suka gano suna isowa da wuri. Yanzu ƙasashe da dama sun ɗauki wannan dabara. Ina ganin idan ana lissafin abin da jihar Damagaram ta ba duniya a fannin likitanci, wannan ya kamata ya zo a sahun gaba, ko da yake ba shi da gini balle a yanka masa ƙyalle.

5.0 Rigakafin damina

A watan Maris na 2012 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a riƙa ba yaran Sahel 'yan wata 3 zuwa 59 maganin zazzaɓin cizon sauro sau ɗaya a wata a tsawon damina, ko da ba su da ciwo. Gwaje-gwajen da aka dogara da su sun nuna hakan yana hana kimanin kashi 75 cikin 100 na kamuwa. A Nijar an fara aiwatar da shi a 2013, kuma Magarya tana cikin gundumomin farko, tare da Madawa da Buza da Madarunfa da Gidan Rumji. Ma'aikata suna kiransa CPS.

Yadda ake yinsa yana da sauƙin faɗa. Ranar farko mai rabon magani zai ba yaro ƙwayar sulfadoxine-pyrimethamine da ta amodiaquine a gabansa, ya ɗan jira ya ga ko zai yi amai. Sai ya bar wa uwa ƙwaya biyu na amodiaquine, ɗaya gobe, ɗaya jibi. Bayan kwana 28 a sake, yawanci zagaye huɗu daga Yuli zuwa Oktoba. Wurin aiwatarwa ne ake gane ashe ba nan gizo ke saƙar ba. Ƙwayoyin kwana na biyu da na uku babu mai ganin an sha su. Uwar da take da ɗan shekara shida kwance da zazzaɓi, ga kuma magani a hannunta na ƙaninsa da yake wasa lafiya lau, kowa ya san abin da zuciyarta za ta raya mata, kuma ba na jin akwai wanda zai zarge ta. Idan kuɗin shirin suka makara, zagayen farko yakan zo bayan sauro ya riga ya yi aikinsa. Idan kuma damina ta ja, zagayen ƙarshe yakan ƙare alhali ciwon bai tafi ba.

Duk da haka an samu sauƙi na gaske. Ga gwajin jini na nan-take da ake yi da ɗigo ɗaya daga yatsa. Ga allurar artesunate da ta maye gurbin kinin wajen zazzaɓi mai tsanani, bayan babban gwajin AQUAMAT na 2010 ya nuna tana rage mutuwar yaran Afirka da kashi 22.5 cikin 100 idan aka kwatanta da kinin. Ga kuma wakilan lafiya na ƙauye da aka koya wa gano zazzaɓi da gudawa da ciwon haƙarƙari su ba da maganin farko.

6.0 Satumba 2018

Wanda yake tunanin an gama da matsalar, damina ta 2018 ta ba shi amsa. A ƙarshen Satumba na shekarar, MSF ta sanar da cewa yara 730 ne kwance a sashen yara na asibitin Magarya, kuma a cikin watan da ya gabata, a matsakaici, yara goma suke rasuwa kowace rana. Wannan ya faru ne shekara biyar bayan fara rigakafin damina, shekara goma sha uku bayan zuwan abincin tamowa, a asibitin da yake da ƙwararrun ma'aikata da magani da iskar oksijin fiye da yawancin asibitocin gunduma a ƙasar.

Yara 730 a asibitin gunduma guda abu ne da ya kamata a tsaya a kansa. Ta wata fuska abin yabo ne: an iya buɗe tantuna, an ƙaro ma'aikata, an karɓi kowa ba a kori ko ɗaya ba, kuma mafi yawansu sun koma gida da rai. A lokacin ganiyar damina da wuya a sami sashen yara da ya kai wannan girma a duniya. Ta ɗaya fuskar kuwa, alama ce ta cewa duk matakan da ke ƙasa sun zube. Yaron da ya isa Magarya a sume, tafin hannunsa fari fat saboda rashin jini, numfashi sama-sama, ya wuce ta hannaye da yawa kafin nan. An jira kwana ɗaya ko biyu a ga ko jikin zai yi sanyi. An sayi ƙwaya a hannun mai tallar magani a faranti. Wataƙila an kai shi wurin wanzami a cire beli, ko an nemi rubutu. An je gidan likita na ƙauye an tarar magani ya ƙare. Sai da jijjiga ta fara aka nemi ɗan kabu-kabu. A irin wannan hali abin da yake ceton rai shi ne ƙarin jini cikin sa'o'i kaɗan, kuma jini ba a sayensa a kanti. Sai wani ya miƙa hannunsa.

Domin rage wa Magarya nauyi, an yi shekarun da ake buɗe sashen yara mai gado 200 a Dungas a lokacin damina. Wannan ya taimaka, domin ya rage nisan tafiya ga mutanen Malawa da Guci da Dogo-Dogo. Amma yana kuma tuna mana cewa babban ɓangare na wannan aiki a wuyan ƙungiyar waje yake, wadda take tsara kasafinta a wata ƙasa, kuma tana iya tattara kayanta duk ranar da wata masifa ta fi ƙarfi a wani wuri. Ba laifinta ba ne. Tambayar tamu ce: shekara ashirin ke nan, wane ɓangare na aikin ne muka shirya karɓa?

7.0 Iyakar da cuta ba ta sani ba

Daga 1 ga Nuwamba 2022 zuwa 27 ga Janairu 2023, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da rahoton mutum 559 da suka kamu da sanƙarau a jihar Damagaram, 18 suka rasu. Daga cikinsu 342 a gundumar Dungas suke. Nau'in ƙwayar cutar shi ne C, irin wanda ya yi ɓarna a Nijar a 2015, wanda kuma allurar MenAfriVac da aka fara yi a 2010 ba ta karewa daga gare shi, domin ita ta nau'in A ce. A daidai wannan lokaci Jigawa, da take manne da Dungas, ita ce ta fi kowace jiha a Nijeriya yawan masu cutar. Duk wanda ya taɓa zuwa kasuwar Maigatari ta Jigawa ranar Alhamis ba zai yi mamaki ba. Dangi ɗaya ne, kasuwa ɗaya, aure ɗaya, makarantun allo ɗaya. Haka ma mashaƙo: ya ɓarke a Kano a ƙarshen 2022, kafin damina ta 2023 ta ƙare ya bayyana a Matamai ya bazu cikin jihar, ya fi kama yaran da ba su sami allurar rigakafi cikakkiya ba.

Majinyata ma haka suke ƙetarawa. Mata daga ƙauyukan Jigawa da Katsina suna kawo 'ya'yansu Magarya, 'yan Nijar kuma suna tafiya Kano neman ƙwararru, ko Babbar Ruga ta Katsina domin aikin yoyon fitsari. Hukumomin lafiya ne kawai ba sa ƙetarawa da sauƙi. Rahoton ɓullar cuta a Dungas sai ya bi ta Damagaram zuwa Yamai, na Maigatari ya bi ta Dutse zuwa Abuja, alhali tsakanin garuruwan biyu tafiyar babur ce. Rufe iyaka da yanke wutar lantarki da suka biyo bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 a matsayin takunkumi, har zuwa bayan ɗage takunkumin a Fabrairu 2024, sun ƙara nuna yadda lafiyar yankin take rataye da abin da yake faruwa a ɗaya gefen. Abin farin ciki ɗaya shi ne sabuwar allurar Men5CV mai kariya daga nau'i biyar na sanƙarau, wadda Nijeriya ta fara amfani da ita a 2024, Nijar ta bi baya a shekarar.

8.0 Kyauta da bashin da ke bayanta

A 2005 gwamnati ta mayar da tiyatar haihuwa kyauta, a 2006 ta ƙara da jinyar yara 'yan ƙasa da shekara biyar da awon ciki. Haɗe da ɗaruruwan gidajen likita na ƙauye da aka gina ƙarƙashin shiri na musamman na Shugaba Tandja Mamadou, wannan ya yi tasiri babba. Binciken da Agbessi Amouzou da abokan aikinsa suka wallafa a mujallar Lancet a 2012 ya nuna mutuwar yara 'yan ƙasa da shekara biyar a Nijar ta sauko daga 226 cikin kowane 1000 a 1998 zuwa 128 a 2009. Ƙasashe kaɗan ne suka yi irin wannan gudu a wancan lokaci.

Sai dai kyautar tana nufin asibiti ya yi aiki ya aika takardar bashi, gwamnati ta biya daga baya. Masu bincike na cibiyar LASDEL a Yamai, irin su Jean-Pierre Olivier de Sardan, sun yi rubutu mai yawa kan yadda biyan yake makara wata da watanni, har shekaru. Ƙaramin asibitin da ba a biya shi ba ba zai iya sake sayen magani ba, sai ya rubuta wa uwa takarda ta je ta saya. A takarda jinya kyauta ce, a aljihun magidanci ba haka ba ne. Sau biyu ko uku aka yi wa mutum haka, zai daina zuwa da wuri, kuma jinkirin da likitan tiyata yake kuka da shi a Damagaram daga nan yake somawa.

Akwai kuma batun wanda yake ba da izinin fita. A gidaje da yawa mace ba ta kai yaro likita sai maigida ya sani, maigidan kuma yana iya kasancewa ci-rani a Kano ko Legas ko Libiya. Makarantar mazaje, wadda aka fara a wannan jiha da tallafin UNFPA, kuma Bande tana cikin garuruwan da suka yi suna da ita, an kafa ta ne domin wannan giɓi. Ta nuna cewa idan magidanta masu mutunci suka zauna suka yi wa 'yan uwansu magana, ana ji.

9.0 Hakkin da ke kan birni

Ba na cikin masu cewa a daina zuba kuɗi a manyan asibitoci. Yaron da hanjinsa ya huje, da matar da mahaifarta ta fashe, babu wakilin ƙauyen da zai cece su; sai ɗakin tiyata mai wuta da ruwa da jini. Abin da nake cewa shi ne, Damagaram tana da abubuwan da Magarya da Dungas ba su da su, kuma tana iya miƙa su ba tare da jiran wani daga waje ba.

Na farko jini ne. An san watannin da ake buƙatarsa, ba ya zuwa ba-zata. Birnin yana da ɗalibai da sojoji da ma'aikata da ƙungiyoyin matasa da na addini. Gangamin ba da jini da za a tsara tun Yuni, da haɗin kan fadar Sarkin Damagaram da limaman Juma'a, a kuma tanadi hanyar kai shi kudu cikin sanyi, zai ceci rayukan da sabuwar na'ura ba za ta ceta ba. Sannan binciken da jami'a take yi ya kamata ya bi majinyaci baya har gidansu: kwana nawa ya yi kafin a fito da shi, hannu nawa ya bi, nawa aka kashe, a ina aka tsaya. Amsoshin suna bakin iyaye mata, da Hausa, kuma ɗalibanmu suna jin Hausa. Haka nan ganawar kai tsaye tsakanin jami'an lafiya na Dungas da Magarya da takwarorinsu na Jigawa da Katsina kafin shigowar hunturu ba ta buƙatar yarjejeniyar shugabannin ƙasa. Lambar waya da amincewa ta isa a fara.

Roƙona na ƙarshe ga shugabannin tsangayar likitanci ne. A sa a cikin manhaja cewa babu ɗalibin da zai karɓi shaidar zama likita a Damagaram sai ya yi damina guda cur, daga Agusta zuwa Oktoba, a sashen yara na Magarya ko Dungas, ƙarƙashin malamin da zai bi shi can. Ma'aikatan jinyar da suke wurin, 'yan ƙasa ne, sun tara ƙwarewar shekara ashirin wajen sa wa jaririn da ya bushe allurar ruwa da gane yaron da yake gab da tafiya. A tura musu ɗalibai tun suna nan.